Ƙaramin shagon abinci a Sebu: ina gora za ta zauna, ina ba za ta zauna ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Karatu ya kawo ni Filifin, aure ya zaunar da ni a birnin Sebu. Ni da maiɗakina, wadda 'yar ƙasar ce, mun kama hayar shago mai faɗin mita 4 da tsawon mita 6 a ƙasan wani bene, za mu buɗe gidan abinci. Ita tana so ya yi kama da bukkar kakanninta, a lulluɓe bango da saƙar gora, a yi silin da ganyen nipa, wani irin kaba da ake jinka da shi a nan. Ni kuma gobara da ƙwari nake tsoro, kuɗin ma ba yawa. Me za mu ɗauka, me za mu bari?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a sana'ar. Maiɗakinka tana da gaskiya, tsoronka ma yana kan hanya. Kafin ku sayi ko sanda ɗaya, ku ɗauki alli ku raba shagon biyu: ɓangaren wuta da ruwa, da ɓangaren masu ci. Duk abin da aka saƙa, na ɓangare na biyu ne.

Bukkar da take nufi ita ce bahai kubo. Ana ɗaga ta a kan dirkoki, daɓen tsagin gora ne mai ratar da iska ke bi, jinkar nipa ce mai tsayi. Sanyinta daga iskar da ke ratsa ta ko'ina yake zuwa. Ku kuwa ɗakin siminti kuka kama, mai ƙofa ɗaya. In kuka manna nipa a silin, ba za ku sami wannan sanyin ba, sai ƙura da ɓeraye da busasshen ganye a saman tukunyar gas. Ga kuma hukuma: ba a ba da lasisin kasuwanci sai 'yan kwana-kwana sun duba wuri bisa dokar gobara ta 2008, dokar tsafta ta 1975 kuma tana son daɓe da bangon wurin abinci su zama masu santsi, waɗanda ba sa shan ruwa. Don haka kicin tayil ne da ƙarfe, da na'urar zuƙe hayaƙi. In ran uwargida ya kafe a kan nipa, a yi mata 'yar rumfa a bakin ƙofa daga waje, idan mai benen ya yarda, a ɗaure ta tamau, tunda guguwa wajen 20 ke shiga yankin ƙasar a shekara.

Saƙar gorar nan, a Manila sawali ake ce mata, a wajenku amakan. Da ka gan ta za ka tuna zana da asabari. Bango ɗaya ya ishe ta, wanda mai shigowa zai fara gani. A yi mata firam na katako, a bar ratar yatsa biyu tsakaninta da siminti saboda danshi, kuma ta fara daga kamar mita 1 a sama da ƙasa, yadda ruwan mofa da takalmi ba za su kai gare ta ba. Na taɓa shiga wani shago da aka kafa amakan a bayan kaskon suya. Wata shida kawai, maiƙo ya cika kowane ramin saƙa, in ka goga tsumma sai ya maƙale, ka ciro shi baƙi ƙirin. Ƙarshenta sai da aka ɓamɓare bangon gaba ɗaya.

Maganar ƙwari ita ce ta fi cin kuɗin mutane. Gara sananniya ce, su anai suke ce mata. Wanda baƙo bai sani ba shi ne bukbok, ɗan ƙwaron da ke cin sitacin cikin gora. Ba ka ganinsa. Da safe dai za ka tarar da ɗan tulin gari fari-fari a gindin benci, da ƙananan huji kamar na allura. Maganinsa tun daga saye ne. Ka nemi kawayan tinik, gora mai ƙaya da kaurin jiki, wadda ta shekara 3 zuwa 4, aka sare ta da rani. Mutanen da can jiƙa ta suke yi a ruwan teku ko a rafi don sitacin ya fita. Yanzu ana huda gaɓoɓinta da rodi, a tsoma ta cikin ruwan sinadaran boraks da borik asid kamar mako guda, ta bushe a inuwa. Kada ka tsaya a kan "an sa magani" daga bakin mai sayarwa, ka tambaye shi wane magani, kwana nawa ta yi a ciki. Ka kuma gaya wa kafinta ya huda kafin ya sa noti, don ƙusa tsaga gora take yi.

Kujeru kuwa ka faɗo a gari mai kyau, Sebu ta yi suna a duniya da aikin ratan, wata kurangar daji da ake saƙa kujeru da ita. Saƙar solihiya, wato saƙar ratan mai huji-huji, a bayan kujera tana ba gumi hanya. Amma saman tebur ya zama katako mai santsi da aka shafa wa banish, ko a ɗora gilashi a kan saƙar, in ba haka ba ƙwayar shinkafa da romo za su yi gida a ciki. Katakon kwakwa ya wadatar, ga araha. Narra, bishiyar ƙasar, ku bar ta: tsada gare ta, kuma tun 2011 aka hana sare itace a dazuzzukan asali, sai dai in kun dace da tsohuwar ƙofa ko taga daga gidan da aka rushe.

In akwai inda zan ce ku ɗan saki hannu, fitila ce. Kapis ɓawon wata halittar teku ne, siriri, haske na ratsa shi kamar madara. Da shi aka yi tagogin tsoffin gidajen Bigan, garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999. Fitilun kapis uku a saman kantar sayar da abinci za su sa miya da kifi su yi kyan gani fiye da farin ƙwan ofis. Na zaren abaka, 'yar'uwar ayaba, ma suna da kyau, sai dai suna kama ƙura. Ko wanne kuka ɗauka, ƙwan LED za a sa, wanda ba ya zafi, wayoyi kuma su bi ta cikin bututu, kada su taɓa saƙa.

Ragowar ado sai ku shiga kasuwar Karbon ta nan Sebu da sassafe. Bilawo, faifansu na gora, guda biyar a bango sun isa, wasu kuma a shimfiɗa musu ganyen ayaba a zuba abinci. Tabarmar banig ta garin Basai a tsibirin Samar, guda ɗaya a firam, kada a shimfiɗa ta a ƙasa. Ku bar hanyar da mutum biyu za su gifta juna tsakanin kanta da tebura, ko da hakan zai sa ku haƙura da tebur ɗaya. Tukunyar kashe gobara kuma a rataye ta a bakin ƙofar kicin, inda hannu zai kai ba sai an ratsa wuta ba.