Tsohon bango da sabon shafe: me ya kamata a yi kafin a kwaɓa siminti?

Tambaya:
Assalamu alaikum. Daga Tahoua nake, gidan mahaifinmu ne muke son gyarawa. Ɗaki biyu ne. Ɗaya na bulon siminti, an shafe shi tun da daɗewa, fenti mai mai a ƙasa, farar ƙasa a sama. Gindin bangon yana fidda wani farin gari, fentin yana kumbura. Ɗayan na laka ne aka lulluɓe shi da siminti, yanzu shafen yana ɓamɓarewa, ga kuma tsaga ta tashi daga kusurwar taga. Mason (magini) da na kira ya ce zai yayyafa ruwa ya shafe a kai, kwana uku an gama. Wani kuma ya ce sai an kankare duka. Wanne zan bi?

Amsa:
Wa alaikumus salam. Malam, na biyun ya fi kusa da gaskiya, ko da yake ba lallai ne a kankare ko'ina ba. Sabon shafe ba bango yake kamawa ba, abin da ya tarar a fuskar bango shi yake kamawa. In ya tarar da fenti, ƙarfinsa ƙarfin fentin ne. In ya tarar da tsohon shafen da ya riga ya saki, nauyi ka ƙara masa, kuma tare za su faɗo. Shafe mai kaurin santimita ɗaya da rabi yana kai kilo 30 a kowane murabba'in mita. Ka duba ko fentin nan mai kumbura zai iya riƙe wannan.

Ka fara da ƙwanƙwasa. Ɗauki ƙotar guduma ka bi bangon taki-taki, yadda mata ke gwada tukunyar ƙasa a kasuwa kafin su biya. Inda shafe ke manne, sautin gajere ne, a toshe. Inda ya saki za ka ji holoƙo, wani lokaci har ka ji yashi na zuba ta baya. Zagaye duk wurin da alli ko gawayi. Sannan ka karta da ƙusa: in ƙusar ta shiga cikin sauƙi, shafen na zuba kamar gari, to tun farko an yi masa rowar siminti ko ba a shayar da shi ba, shi ma ba ya ɗaukar wani a kansa. In wuraren da ka zagaye sun kai kashi ɗaya cikin uku na bango, ka sauke bangon gaba ɗaya. Faci-faci da yawa ba ya yin araha, kuma bakin kowane faci wurin tsaga ne nan gaba.

Farin garin nan na ɗakin bulo shi ne babbar magana, ya fi fentin. Gishiri ne. Ruwa yana tasowa daga ƙasa ta cikin bulo, ya taho da gishirin da ya narkar, ruwan ya bushe, gishirin ya tsaya. In ya daskare a bayan fenti ko cikin shafe sai ya kumbura ya ture su. Fenti mai mai ma ƙara ɓata lamarin yake yi, don yana hana bango numfashi, sai laimar ta ƙara hawa sama tana neman mafita. Saboda haka kafin komai ka fita ka duba bayan ɗakin. A tsofaffin gidaje sau da yawa tsakar gida ko titi sun ciko da shekaru har sun fi daɓen ɗaki tudu. Duba inda indararo ke zuba, duba ko makewayi ko wurin wanke-wanke na jingine da bangon, ko randa, ko bututun famfo da ke ɗiga a cikin ƙasa. A rage ƙasar waje ta koma kamar santimita 15 ƙasa da daɓen ɗaki, a yi mata gangare zuwa waje, a ƙara wa indararo tsawo. In ba a yi wannan ba, ko wane irin siminti aka sa, damina ɗaya ko biyu garin zai dawo. Masu manna tayil a gindin bango ɓoye ciwon kawai suke yi.

Daga nan a sare shafen gindin har zuwa kan bulo, a wuce iyakar tabon da santimita 30 zuwa 50. A goge gishirin da burushin ƙarfe a bushe, a share a kwashe a fitar. Kada a wanke shi da ruwa, don ruwan narkar da shi zai yi ya mayar da shi cikin bulo. A bar bangon tsirara, taga a buɗe, makonni, ana gogewa duk lokacin da garin ya sake fitowa. Ga gwajin da zai nuna maka ya bushe: yanki leda mai haske kamar santimita 40 kowane gefe, ka manna ta a bangon ka rufe bakinta duka huɗu da salatif, ka bar ta kwana biyu. In ka ga raɓa a cikin ledar, ko bangon da ke ƙarƙashinta ya yi duhu, da sauran jira. Wannan ne ya sa ya fi kyau a sare bayan damina, wajen Oktoba, a shafe cikin sanyi, kafin zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40.

Inda tsohon shafen ke da ƙwari kuma za a bar shi, dole fenti da farar ƙasa su fita. Farar ƙasa ba wuya: a jiƙa ta, a kankare, a bi da burushin ƙarfe. Fenti mai mai sai sara. A bi shi da guduma mai baki ko kurfi, sara kusa-kusa, tazarar kamar yatsu uku, zurfin milimita 3 zuwa 5, har ya zama yawancin abin da ido ke gani siminti ne, ba fenti ba. Tsofaffin fenti masu mai wasunsu na ɗauke da dalma, wadda ke cutar da yara ƙwarai, don haka a yayyafa ruwa kafin sara don rage ƙura, mai aiki ya ɗaure hanci da baki, yara da masu juna biyu su nisanci ɗakin. Bayan an gama ka watsa ruwa da hannu ka gani. In ya gangaro ɗigo-ɗigo bai jiƙa ba, da sauran maiƙo ko fenti. Wurin da hayaƙin girki ya taɓa shi ma haka yake yi, sai an wanke da ruwan omo an ɗauraye. Inda kuma aka kai ga bulo, a ƙwaƙule tsakanin bulo da bulo zurfin santimita ɗaya don sabon shafen ya samu wurin saka farce.

In ka tarar da farar hodar nan ta masu aikin silin a wani wuri, an cike rami da ita ko an kafa akwatin lantarki, a cire ta tas. Siminti a kanta ba ya zama, da sun haɗu da laima sai wurin ya kumbura.

Tsaga iri biyu ce. Siraran nan masu rassa ko'ina, waɗanda farce ba ya shiga, na shafe ne kawai, ya bushe da gaggawa. Taka ta kusurwar taga daban ce. Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwa, ko ta bi layin bulo hawa-hawa, ko ta wuce milimita 2, ko ana ganinta ta waje, ta ginin ce. A gwada ta tukuna: a share wurin zuwa kan bango, a shafa ɗan siririn kwaɓi a gicciye a kanta, a rubuta kwanan wata a gefe. In bayan wata ɗaya ko biyu alamar ta tsage, ginin na motsi, ko harsashi na zama ko abin da ke ɗauke da saman tagar ya gaji, kuma wannan aikin injiniya ne ko babban magini, shafe ba ya maganinsa. In ba ta tsage ba, a buɗe tsagar, faɗi a waje ƙunci a ciki, a share, a jiƙa, a cike, a ɗora raga da ta wuce ta da santimita 15 kowane gefe. Haka ake sa raga inda ginshiƙin kankare ya haɗu da bulo, da kan hanyar wayar lantarki. Mai lantarki da mai famfo su gama nasu kafin maso ya fara, in ba haka ba sabon shafenka za su fasa.

Ɗakin laka kuwa, ɓamɓarewar nan ba ta shekaru ba ce kawai. Laka tana kumbura da laima, tana takurewa da rani. Siminti ba ya bin ta. Sai su rabu, laima ta taru a tsakani, fuskar lakar ta ruɓe, gara ta samu hanya a ɓoye. A sauke simintin duka, a kankare lakar da ta yi laushi har a kai ga mai tauri, a duba hanyoyin gara musamman inda azara ta shiga bango, a sa magani. Ramuka masu zurfi da laka ake cike su, ba da siminti ba, kuma a hankali, kaurin yatsu biyu a bari ya bushe a ƙara. A ganina, a cikin ɗaki babu abin da ya dace da wannan bangon kamar yaɓe: laka mai kyau da yashi da yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, a jiƙa ta kwana biyu uku kafin aiki. A gwada a ɗan wuri. In ta tsattsage a ƙara yashi, in tana zuba a ƙara laka. Ya fi sanyi, kuma gyaransa ba ya cin kuɗi. In kuma iyali sun nace sai siminti, to a kafa ragar waya wadda ba ta tsatsa, da ƙusoshi masu tsawon santimita 8 zuwa 10, kowane santimita 25 zuwa 30, a buga su a ɗan karkace. A saka ƴan tsakuwa a bayan ragar don ta ɗan ɗago, ta zauna a tsakiyar shafen. Kwaɓin ya zama mai rauni, siminti ɗaya yashi bakwai ko takwas. Wannan yana ba wasu mamaki, amma kwaɓi mai ƙarfi a kan bango mai rauni yana takurewa ne ya yago fuskar bangon. Kuma laka yayyafi kawai ake mata, ba a shayar da ita.

Mu koma ɗakin bulo, ranar aiki. Bayan an share ƙura tas, a shayar da bangon da yamma, a sake yayyafawa da safe. Ana son ya yi duhu da danshi amma ba ya ƙyalli da ruwa. Bulon da ya shekara yana shan zafin Adar, wato yankin Tahoua, in aka ɗora masa kwaɓi a bushe, nan take zai tsotse ruwan, simintin ya ƙone bai kama ba.

Sai watsin farko, wanda magina ke ce wa gobeti, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Siminti ɗaya, yashi mai kaushi biyu, a kwaɓa ruwa-ruwa, a jefa da ƙarfi da cokalin gini, kaurin milimita 3 zuwa 5. Ba a goge shi, kaushin ake nema. A bar shi kwana biyu ana yayyafa masa ruwa. In ka murza shi da tafin hannu bai zuba ba, ya kama. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka lissafin kwana uku bai fita ba. Bayan haka a kafa alamomin kauri da igiya mai nauyi da miƙaƙƙiyar sandar alminiyam. Tsohon bango ba ya rasa ciki da doro. Inda ramin ya wuce santimita ɗaya da rabi a cike shi sau biyu, a karta na farkon, a bar shi ya kwana biyu. In aka zuba santimita uku a tashi ɗaya zai zame ko ya tsage.

Jikin shafen kansa siminti ɗaya ne yashi huɗu zuwa biyar, kuma in za a yi na gamawa a kai, ya fi wannan rauni. A auna da bokiti ɗaya, ba da shebur ba. Buhun kilo 50 yana kai lita 35, don haka a ɗaya da huɗu yana cin yashi lita 140, ya rufe kamar murabba'in mita 9 a kaurin santimita ɗaya da rabi. Ɗaki mai mita 4 da 4, tsayi mita 3, in an cire ƙofa da taga, bangonsa wajen murabba'in mita 44 ne: buhu 3 na watsin farko, buhu 5 na jiki, ka ƙara ɗaya saboda ramuka, yashi kuma kamar kubik ɗaya da ɗan ɗori.

Ko simintin masana'antar Malbaza ka saya ko wanda ya shigo daga Najeriya, ka buɗe buhu ka matsa: dunƙulen da bai fashe tsakanin yatsu ba alama ce simintin ya sha laima. Yashin kori kuwa sau da yawa yana zuwa da laka. Zuba santimita 10 a kwalba mai haske, ka cika da ruwa da ɗan gishiri, ka girgiza, ka ajiye awa uku. In lakar da ta kwanta a sama ta wuce rabin santimita da kaɗan, a wanke yashin ko a sauya. A tankaɗe shi. Ruwan kwaɓi ya zama wanda za a iya sha. Na rijiya mai zartsi gishirin da ka kora zai dawo maka da shi. Kwaɓin da ya wuce awa ɗaya a ƙasa ya fara daskarewa, ba a ƙara masa ruwa a ci gaba da shi.

In an shafe, a rufe taga da ƙofa saboda iskar hunturu, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Fenti ya jira mako huɗu, kuma a gindin bangon nan da ya yi gishiri a sa farar ƙasa ko fentin ruwa, a bar mai mai.