Dalilin da ya sa nake tura kowane ƙullutu ɗakin gwaje-gwaje

Ɗana, jiya bayan mun cire wa dattijuwar nan ƙullutun da ke fatar kanta, ka tambaye ni me ya sa na hana a jefar da shi, na sa aka saka shi a kwalbar fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, aka kai ɗakin gwaje-gwaje, alhali irinsa ba ya cutarwa. Da gaskiyarka a kan mafi yawansu. Daga kuben da ke lulluɓe da saiwar gashi suke tsirowa, kusan 9 cikin 10 a fatar kai ake samunsu, kuma sau da yawa gado ne, za ka cire wa uwa, daga baya ɗiyarta ta zo da nata.

Amma ka tuna abin da matar ta faɗa da bakinta, cewa ya yi shekaru bai wuce kan yatsa ba, sai cikin ƴan watanni ya kumbura, ya fashe, yana tsattsafo da jini kamar gyambo. Wannan labarin shi ne ya tsayar da ni, domin irin wannan ƙullutun jaka ce, kuma wani lokaci ƙwayoyin bangon jakar sukan shiga hayayyafa su zama ƙari mai tauri, wanda aka fi gani a kan tsofaffin mata, kuma ƙalilan daga cikin irin wannan ƙarin sukan rikiɗe su zama ciwon daji, su ci naman da ke ƙarƙashi, har su kai ga kaluluwar wuya. Haka ma ƙullutun nan mai taurin dutse da ake kira filomatirikoma: a jikin yara ba ya tayar da hankali, amma akwai nau'insa na daji, wanda likitoci Lopansri da Mihm suka bayyana a 1980, kuma ya fi kama maza masu shekaru.

Ido da yatsa ba sa bambance mai daji da marar daji, komai daɗewar mutum a aikin. Sai an yanka naman siriri an duba ta madubin likita. Idan sakamako ya nuna daji, sai mu koma mu faɗaɗa yankan har cikin lafiyayyar fata, saboda abin da aka bari a gefe yakan sake tsirowa.

Don haka idan ta dawo cire ɗinki, ka lalubi wuyanta da bayan kunnuwanta, kuma kada ka ce mata an gama kafin takardar sakamakon ta iso hannunka.