Amsar Kawu kan pip da zancen PATH

Sani ɗana, saƙonka ya iso, da fatan karatu na tafiya lafiya a Gusau. Ka ce ka girka pandas, ƙunshin Python na sarrafa bayanai, pip mai girka wa Python kaya ya nuna ya gama, amma da ka zo aiki Python ta ce "ModuleNotFoundError", wato ba ta ga kayan ba. Ka kuma tambaya me ya sa tsofaffin hannu ba sa rubuta pip tsurarsa sai python -m pip, kuma kowane aiki sai sun yi masa venv nasa, wato keɓaɓɓiyar folda mai Python da kayan aikin, ko al'ada ce kawai da aka gada.

Al'ada ce, amma ba a banza aka kafa ta ba. PATH jerin folda ne da kwamfuta ke dubawa idan ka ba ta umarni. Kamar yaron aike ne da aka lissafa masa gidaje a Tudun Wada aka ce ya kira Python: gidan farko da ya samu mai wannan suna, shi zai kawo, ba zai leƙa sauran ba. To idan Python biyu ce a kwamfutarka, pip na iya zama na wannan, python kuma waccan. Kayan sun shiga, amma ba inda kake nema ba. Shi ya sa ake rubuta python -m pip, don wadda za ta yi aikin ita ce za ta karɓi kayan. Mun saba da haka tun Python 2 da 3 na zaune tare, kafin a daina kula da ta 2 a farkon 2020.

Kafin ka taɓa komai, rubuta where python a baƙin allon umarni (Command Prompt) na Windows, ka ga guda nawa ne da wadda ke sama. Sau da yawa ta cikin foldar WindowsApps ce ke shan gaba, wadda aikinta tura ka Microsoft Store. Idan kuwa cewa aka yi ba a gane pip ba, to wajen girkawa ba a taɓa akwatin "Add python.exe to PATH" ba. Bayan gyara ka rufe baƙin allon ka sake buɗewa, domin lokacin buɗewa yake ɗaukar PATH. Kar ka bari abokai su sa ka gyara PATH da umarnin setx. Yana datse abin da ya wuce haruffa 1024, sai kwamfuta ta kasa samo maka wasu manhajojin.

Shi kuwa venv, tun 2012 ya zo da Python 3.3. Idan ka kunna shi, foldarsa yake sawa a gaban jerin PATH, shi ke nan. Masu raina shi ragwanci ne kawai, a ganina. Tun 2023 ma Debian 12 da Ubuntu 23.04, nau'o'in Linux, ke hana pip zuba kaya cikin Python ta tsarin.

Ka turo mini hoton abin da where python ya fitar. Ka gaida mahaifiyarka idan kun yi waya.