Ƙauyenmu ya koma na tsofaffi: me magajin gari zai iya yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke kusa da Gidar. Samarinmu sun watse zuwa Garwa, Yawunde da Duwala, har ta kai idan an yi rasuwa sai an nemo masu haƙa kabari daga maƙwabta. Shin akwai abin da ƙaramar hukuma za ta iya yi, ko sai dai mu zuba ido?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kamaru ba ta fama da ƙarancin haihuwa, domin fiye da rabin jama'arta ba su kai shekara 25 ba. Abin da ya cinye ƙauyenku ƙaura ce. Amma ƙasar Japan, inda kusan kashi 29 cikin ɗari na jama'a suka kai shekara 65, ta riga mu ganin yadda gari ke tsufa. Misali, garin Yubari da ke Japan yana da mutane kusan 120,000 a 1960, lokacin da ake haƙar kwal. Da aka rufe ma'adinan, sai hukumar garin ta ci bashi ta gina wuraren yawon buɗe ido don ta jawo jama'a, amma a 2007 ta tsiyace, kuma yau mazaunan ba su kai 10,000 ba.

Saboda haka ba na ganin hikima a magajin garin da zai fara da sabon gini don a ce ya yi aiki. Dokar rarraba iko ta 2019 ta ɗora wa ƙananan hukumomi kula da ruwan sha, kasuwanni, hanyoyin karkara da ƙananan asibitoci, kuma nan ne aikin yake. Kamata ya yi magajin gari ya fara haɗa kai da jauro da limamai a ƙidaya tsofaffin da ke zaune su kaɗai, sannan a riƙa tura ma'aikacin lafiya a kan babur ranar kasuwa don awon hawan jini da ciwon sukari, a kuma gyara famfon da ya fi kusa da gidaje, domin tsohuwa ba za ta iya tafiya mai nisa da tulu ba.

Su kuwa samari, wa'azi ba ya tsayar da su. Zaman banza bayan an sayar da auduga shi ke korarsu, don haka filin noman rani na albasa da hanyar da mota za ta iya bi da damina sun fi kowane alkawari. Ku rubuta buƙatunku, ku miƙa wa kansilanku kafin majalisa ta zauna kan kasafin kuɗin baɗi.