Dabbare-dabbaren haƙori da warin baki: shin za su hana ni aikin jinya?

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce a shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Haƙorana na gaba suna da dabbare-dabbare masu ruwan ƙasa tun ina ƙarama, dasashina kuma yana jini idan ina goge baki, har nakan ji wari a cikin takunkumi. Na gwada gawayi da lemun tsami, babu canji. Shin wannan zai shafi aikina?

Amsa: Ƙanwata, matsaloli biyu kika haɗa, kuma wadda ta fi damun ki ba ita ce ta fi gaggawa ba. Tabon da ya fito tare da haƙori tun yarinta galibi yakan samo asali ne daga yawan sinadarin fuloraid a ruwan da yaro ya sha kafin ya kai shekara 8, lokacin da haƙoran girma ke ƙulluwa a cikin muƙamuƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita, amma ruwan wasu rijiyoyin burtsatse ya zarce haka, kamar yadda aka gani a Langtang ta jihar Filato da Tibiri ta jihar Maradi. Maganin tetracycline da aka ba ƙaramin yaro shi ma yakan rina haƙori. Irin wannan launi a cikin jikin haƙorin yake, saboda haka ba ƙazanta ba ne, ba kuma irin jan goro ko na shayi ba ne da ake kankarewa. Ki daina gawayi da lemun tsami daga yau, domin tsami yana narkar da farin ɓawon haƙori, gawayi kuma yana goge shi, ɓawon nan kuwa idan ya tafi ba ya dawowa, sai haƙorin ya ƙara rawaya, ya riƙa tsami da zarar ruwan sanyi ya taɓa shi.

Jinin dasashi da warin su ne zan so ki fara da su. Idan kika sunkuya kina ɗaura wa majiyyaci abin awon jini, tsakanin fuskarki da tasa bai fi kamu biyu ba, kuma mutumin da ke fama da tashin zuciya numfashinki zai ji tun kafin ya lura da launin haƙorinki. Mutane sukan ɗora laifin a kan gyambon ciki, alhali mafi yawan warin baki daga bakin yake tasowa, wato daga dauɗar bayan harshe da wadda ta ƙafe a gindin haƙori har buroshi ya kasa cire ta. Wannan sai likitan haƙori ya kankare ta da na'ura, kuma zancen da ake yi cewa wankin yana girgiza haƙori ba gaskiya ba ne. Bayan nan ki riƙa goge baki na minti 2 safe da dare da buroshi mai laushi, ki haɗa da harshe da tsakanin haƙora, kada ganin jini ya sa ki tsallake wurin, domin yakan lafa cikin mako ɗaya ko biyu idan ana tsabtace shi. Asuwaki yana taimakawa. A aikin dare baki yakan bushe a bayan takunkumi, don haka ki yawaita kurɓar ruwa maimakon tsotsar alewa, wadda ke rufe warin na ɗan lokaci tana kuma jawo ruɓewar haƙori. Ruwan kurkurar baki na chlorhexidine, wanda ɗaliban jinya kan samu cikin sauƙi, yana ƙara rina haƙori idan aka daɗe a kansa.

Game da aiki, tsananin da ake yi muku a kan farce da zobe da tsabtar yunifom saboda gudun yaɗa cuta ne, tabon haƙori kuwa ba ya yaɗuwa. Idan dasashin ya warke kuma har yanzu launin yana hana ki sakin fuska, likita zai iya shafe saman tabon kaɗan, ko ya haskaka haƙorin da magani, ko ya lulluɓe shi da ciko mai launin haƙori, gwargwadon zurfin tabon da abin da aljihunki zai iya ɗauka.