Koya wa ƙananan yara rawa kyauta: ta ina za a fara?

'Yar'uwa, kin tambayi ta inda za ki fara koya wa 'yan shekara 4 zuwa 7 rawa kyauta a firamaren unguwarku. Ta kan iyaye za ki fara. A garuruwanmu kalmar rawa kaɗai ta isa ta sa uba ya janye 'yarsa, don haka ki gayyaci iyaye mata su kalli zaman farko. Ki soma da gaɗa, da tafi da amshi, irin su carman dudu, tunda iyayen ma sun yi ta a dandali. Koroso kuwa a bar ta sai ƙafa ta yi ƙwari, tsallenta ya fi ƙarfinsu. Minti 20 ya isa, bayan nan hankalinsu ya koma wajen mai alawa.