Tambaya da Amsa: Shin Kamfani Zai Iya Ɗaukar Nauyin Ɗan Takarar Ciyaman?

Tambaya: Assalamu alaikum. A zaɓen ƙaramar hukumarmu da ya gabata, wani kamfanin gine-gine ne ya buga wa ɗan takarar ciyaman fastoci, ya kuma raba wa magoya bayansa babura. Ba a jima da rantsar da shi ba sai ga kamfanin da kwangilar gina rumfunan kasuwarmu. Malam, doka ta yarda da wannan kuwa?
Daga wani mai karatu a Jihar Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. In dai daga asusun kamfanin kuɗin suka fito, doka ba ta yarda ba. Sashe na 43 na dokar kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, ya hana kamfani ba da kuɗinsa ko kadararsa ga jam'iyya ko don wata manufa ta siyasa, a fili ne ko ta bayan gida, kuma jami'an da suka saɓa, tare da masu hannun jarin da suka amince, su za su mayar wa kamfanin abin da aka fitar. Sashe na 221 na kundin tsarin mulkin 1999 shi ma ya hana duk wata ƙungiyar da ba jam'iyya ba sa kuɗi a hidimar zaɓen ɗan takara.

Sai dai ɗan kwangilar da ya san kan abin ba ya taɓa asusun kamfani. Daga aljihunsa yake fitarwa a matsayinsa na ɗan ƙasa, ko ya biya mai ɗab'i da dillalin babura kai tsaye, ta yadda ko sisi ba zai bi ta hannun ɗan takarar ba, balle a rubuta shi a wani littafi. A galibin irin waɗannan kamfanoni kuwa, mai kamfanin shi ne darakta, shi ne ma'aji, saboda haka raba aljihunsa da na kamfanin aiki ne ja.

A shekarar 2022, dokar zaɓe ta ƙayyade naira miliyan 30 a matsayin iyakar abin da ɗan takarar ciyaman zai kashe, miliyan 5 kuma ga kansila, amma a ƙananan hukumomi shida na Abuja kaɗai INEC ke gudanar da zaɓe. Sauran 768 suna hannun hukumomin zaɓe na jihohi, waɗanda gwamna ke naɗa shugabanninsu, kuma a ganina wanda gwamna ya naɗa ba zai yi saurin bincikar mai ɗaukar nauyin ɗan takarar da gwamnan ke goyon baya ba. Ga shi kuma a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, wanda ke nufin kujerar ciyaman za ta ƙara tsada a idon 'yan kwangila duk lokacin da hukuncin ya kankama.

Game da rumfunanku, zargi kaɗai ba zai tsaya a gaban mai bincike ba, sai da takarda. Ka nemi sunayen masu kamfanin a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, sannan ka rubuta wa sakatariyar ƙaramar hukuma, bisa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, kana neman sanin ko an tallata kwangilar da kuma kamfanoni nawa suka nema. Kwana bakwai dokar ta ba su su amsa. Idan ta bayyana ba a yi gasa ba, ku haɗu da ƙungiyar 'yan kasuwar ku kai ƙorafi a rubuce ga hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC.